Laifin Jagaba Ne? Jirgin Yaƙin da Sahara Ta Ɓoye Shekara 15

Wani malamin makaranta da ke zaune a Miri, nan bakin garin Bauchi ta hanyar Jos, ya rubuto mini wasiƙa a kan wani hoto da ɗalibansa suka nuna masa a waya. Hoton wani ƙaton jirgin yaƙi ne, ya karye gida biyu, yana kwance a fili fetal, ba itace ba ciyawa. A ƙarƙashinsa an rubuta wai sakacin mai duba hanya ne ya halaka mutum tara da ke ciki. Tambayar malamin biyu ce: shin haka abin yake, kuma ina haɗinmu da jirgin Amurka da ya faɗi a hamadar Libiya?

Malam, Allah ya ƙara basira. Bari in fara da tambaya ta biyu, ita ta fi gajeriyar amsa.

Da Italiya ta shiga yaƙin Hitila a watan Yunin 1940, Bahar Rum ta daina biyuwa ga jiragen ruwan Ingila. Sai Turawa suka koma sauke jiragen sama cikin akwatuna a Takoradi, ƙasar Ghana ta yau, a harhaɗa su a can, su tashi zuwa Ikko, su sha mai a Kano, su yada zango a Maiduguri da Fort Lamy, wato N'Djamena ta yanzu, daga nan sai Khartum, sai Alƙahira. Ayarin farko ya tashi a Satumban 1940, kuma kafin ƙarshen 1943 jirage sama da 5,000 sun bi wannan hanya. Wanda duk ya ja layi a taswira daga Kano zuwa Maiduguri zai ga ya ratsa ta wajejen Azare da Potiskum, ke nan ta kan ƙasar Katagum, wadda a lokacin ke cikin Lardin Bauchi, suke wucewa. Banda haka, an kwashi mazajen lardin zuwa aikin tilas na haƙar kuza a Jos daga 1942 zuwa 1944, abin da aka kira diban gwamna. Da Amurka ta shigo yaƙin, manyan jiragenta masu inji huɗu ba su bukaci akwati ba. Da kansu suke tsallako teku daga Brazil, su sauka Accra, su biyo ta Kano. A tsakiyar 1942 Kanar Harry Halverson ya ratso Afirka da jirage 23 samfurin B-24 da niyyar kai su Sin, aka tsayar da su a Masar, kuma su ne tushen runduna ta 376. Jirgin da ke hoton nan na wannan rundunar ne, sunansa Lady Be Good.

Jikokin fatake ba sai an yi musu dogon bayani a kan tsarin ayari ba: akwai madugu, akwai jagaba. A jirgin nan madugu shi ne matuƙi, Laftanar William Hatton. Jagaba kuwa, mai riƙe da taswira da kamfas da agogo, shi ne Laftanar Dp Hays. Su tara ne, sabbin zuwa, a watan Maris na 1943 suka iso filin Soluch, kudu da Bangazi. Ranar 4 ga Afrilu aka ba su aikinsu na farko, su shiga cikin jirage 25 da za su yi ruwan bama-bamai a tashar jiragen ruwa ta Napoli a Italiya.

Ranar ta zo da guguwar rairayi. Jirage suka tashi rukuni biyu, yashi ya shiga injuna, mafi yawan rukuni na biyu suka juyo gida. Lady Be Good na cikin na ƙarshen tashi, bai kuma taɓa samun shiga tsakiyar ayarin ba. Da dare ya yi, ya juyo shi kaɗai a kan teku, cikin duhu.

Bayan sha biyun dare da 'yan mintoci, Hatton ya yi magana ta rediyo. Ya ce na'urarsa ta gano hanya ta lalace, a faɗa masa inda zai dosa. Tashar rediyo ta ƙasa da ke Benina ta auna muryarsa ta ba shi lamba: digiri 330. A nan gizo ke saƙar. Irin na'urar da ke tashar tana nuna layin da murya ta fito ne kawai, ba ta bambance gaba da baya. Ɗauka wani ya taso daga Jos cikin dare zai sauka a Miri, bai san garin ba, ya buga waya, aka ce masa ai kana kan hanya, miƙe kawai. In yana Nabordo, an shiryar da shi. In kuwa ya riga ya wuce, to an tura shi cikin Bauchi, ya ɓulla hanyar Alkaleri, yana ta baza ido yana neman Miri a gabansa. Mutanen da ke ƙasa a Soluch sun ji ƙugin jirgi ya wuce ta kansu a daren, sun harba wutar alama sama, na cikin jirgin ba su gani ba. Suka ci gaba da nausawa kudu maso gabas har kusan sa'a biyu. Wajen ƙarfe biyu mai ya ƙare, suka ɗaura laima suka yi tsalle ɗaya bayan ɗaya, sanye da rigunan hana nutsewa, domin a zatonsu ruwa ne a ƙarƙashinsu. Sun faɗo kimanin kilomita 700 daga gaɓar teku, abin da ya fi nisan Kano zuwa Maiduguri.

Masu ɗora wa Hays laifi suna da hujja, ba zan ɓoye ta ba. An tarar da littafin aikinsa a cikin jirgin, kuma abin da ya rubuta a hanyar dawowa bai taka kara ya karya ba. Suka ce jagaban da ya san saurin jirginsa, ya san lokacin da ya juyo, dole ya gane cewa tafiyar ta yi tsawo.

Ni dai ban gamsu da wannan hukunci ba. Wa ya tura mutanen da ba su taɓa fita yaƙi ba, a ranar guguwa, suka ƙare su kaɗai ba wani gogagge a gabansu da za su bi? A daren akwai iska mai ƙarfi da ke tura su ta baya, ta kawo su gaɓar Libiya tun kafin lokacin da lissafi ya nuna. Hamada da dare daga sama ba ta da maraba da teku, duka baƙi ne wuluk, ba fitila ko ɗaya. Kuma da shakka ta kama su, sun yi abin da aka koya musu, sun tambayi ƙasa, ƙasa ta ba su amsar da ta ƙara musu ƙarfin gwiwar miƙewa. Matashin da ke aikinsa na farko, tashar gida ta ba shi lamba, da wane ƙarfin hali zai ce ƙarya ne? Abin da ya fi ci mini rai shi ne, wannan lambar dai ita aka bi wajen nemansu. Aka karkata neman zuwa teku, alhali suna can baya suna taka tsakuwa. Kuskuren da ya ɓatar da su shi ya hana a cece su, kuma wannan kashi na biyun ba Hays ya yi shi ba. Ɗora wa mamaci laifi ba wuya, tunda ba zai tashi ya kāre kansa ba.

Akwai kuma dalilin da ya sa aka manta da su da wuri. Wata huɗu bayan haka, ranar 1 ga Agusta 1943, B-24 guda 178 suka tashi daga filayen Bangazi zuwa matatun man Ploesti a Romaniya, aka yi asarar 53 a yini guda. A ɓangaren Ingila, rundunar masu jefa bam ta rasa mutum 55,573 kafin yaƙin ya ƙare. Cikin irin wannan ɓarna, jirgi ɗaya da aka ce ya faɗa teku ba ya daɗewa a bakin kowa.

Abin da ya faru da su a ƙasa mun san shi ne saboda mataimakin matuƙi, Laftanar Robert Toner, yana da ɗan littafin aljihu, kuma bai fasa rubutu ba har ƙarfinsa ya ƙare. Takwas suka haɗu bayan saukowa. Na taran, John Woravka, laimarsa ba ta buɗe sosai ba, nan take ya mutu, sauran ba su ma san inda ya faɗi ba. Ruwan da ke hannunsu bai wuce na gora ɗaya ba, sai suka yanke kowa cikin murfi guda a yini. Suka fuskanci arewa maso yamma, suna zaton teku na nan kusa. Suna tafe suna barin alama: takalmi a nan, rigar hana nutsewa a can, ƙyallen laima da aka danne da duwatsu aka yi siffar kibiya, don mai nema ya san inda suka nufa. Da rana zafi, da dare sanyin da ke hana barci, iska na watsa musu yashi har idon Robert LaMotte, mai kula da rediyo, ya daina gani. A haka suka ci kimanin kilomita 130, kusan nisan Bauchi zuwa Jos. Biyar suka kasa. Uku, Guy Shelley da Harold Ripslinger da Vernon Moore, suka ce za su ci gaba ko Allah zai sa su samo taimako, suka shiga tuddan rairayi. Rubutun Toner na ƙarshe na ranar Litinin ne, 12 ga Afrilu, kwana takwas da faɗowarsu. A kwanakin ƙarshe abin da ya fi maimaitawa addu'a ce.

Wannan ƙishirwa ba baƙuwarmu ba ce. A Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace. Yara 52 ne a ciki, mata 33, akasarinsu daga yankin Kantche a jihar Damagaram. Duk lokacin da na karanta labarin murfin gorar nan, su nake tunawa.

Sai gardama ta biyu, wadda ta fi ta farko zafi. Jirgin ya karye gida biyu, amma bai tarwatse ba. Bayan sun fice, ya yi ta shawagi shi kaɗai har kilomita 26 kudu, ya sauka a kan cikinsa. Waɗanda suka same shi daga baya sun tarar da ruwa da abinci a ciki, rediyonsa ma yana aiki. Shi ya sa wasu ke cewa da kudu suka nufa da sun rayu, kuma direbobin hanyar Agadas zuwa Dirku ma haka suke gargaɗi, in mota ta mutu kada ka rabu da ita. Masu wannan ra'ayi suna iya kafa hujja da Theo Blaich, Bajamushen da ya zo da jirgi ɗaya tak, Heinkel mai inji biyu, a Janairun 1942, ya ƙona ma'ajiyar mai a Fort Lamy, nan maƙwabtan Barno, don ya katse hanyar da ta biyo ta Kano. A komawa mai ya ƙare masa a hamada. Shi da mutanensa suka zauna gindin jirginsu, suka yi ta kira da rediyo, bayan kusan mako guda aka gano su, duka da rai.

Amma Blaich da jirginsa ya sauka. Su Hatton cikin duhu suka yi tsalle, jirgin ya ɓace musu, ba su san ko ya yi nisan kilomita biyar ko ɗari ba, ba su san ko ya ƙone ƙurmus ba. Kuma zama gindin jirgi ba lamuni ba ne. A watan Mayun 1942 jirage uku samfurin Blenheim na sojan saman Afirka ta Kudu suka ɓata a kusa da Kufra, a wannan hamadar dai, suka sauka lafiya da mutum 12. Ko da aka gano su, ɗaya ne kawai ke numfashi. Da abin da su Hatton suka sani a wannan safiya, arewa ce zaɓin mai hankali, kuma da ni ne a cikinsu ita zan bi.

Masu neman man fetur na wani kamfanin Ingila ne suka hango jirgin daga sama a Nuwamban 1958, aka isa gare shi ta ƙasa a Fabrairun 1959. A Fabrairun 1960 aka sami gawar mutum biyar wuri guda, Hays na cikinsu, da littafin Toner. A watan Mayu aka sami Shelley da Ripslinger, kowannensu ya ƙara sama da kilomita 30 a kan inda suka bar 'yan'uwansu. A Agusta aka sami Woravka cikin laimarsa. A 1994 gwamnatin Libiya ta kwashe abin da masu tsince-tsince suka rage na jirgin ta kai Tobruk, saboda haka hoton da ɗalibanka suka nuna maka, Malam, tsoho ne. Vernon Moore kuwa har yau ba a same shi ba.