Arziki

Kalmar ta fito daga Larabci, ar-rizƙ, wato abin da Allah ya ciyar da bawansa da shi. Bahaushe ya ɗauke ta har da harafin farkonta, kamar yadda ya yi wa albarka da asuba. Wasu na cewa arziƙi, mutanen Sakkwato su ce azziki. Daga tushen nan ne aka samu "azurta": Allah ya azurta wane da ɗa.

A Matamaye, kan hanyar Damagaram zuwa Daura, ana jin ta kullum. Mace ta sauka lafiya, maƙwabta su shigo suna cewa "barka da arziki". Direba ya tsira daga hatsari, ita ce gaisuwarsa. Manomin rake da ya ciyar da gidansa, ya aurar da 'ya'yansa ba bashi, cewa yake "mun gode Allah da wannan arziki", ko ba shi da tamma a aljihu.

Abin da ke damuna shi ne yadda yau ake neman taƙaita ta ga kuɗi, har "tattalin arziki" ya fi yawa a bakin rediyo. Alhali "ɗan arziki" yaro ne mai tarbiyya, kuma wanda "ya ci arzikin" iyayensa darajarsu ce ta cece shi.