Rashidi Yekini: Daga Masaƙar Kaduna Zuwa Gasar Kofin Duniya

Kafin a fara gasar ƙwararru a Nijeriya a shekarar 1990, akasarin manyan ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na ƙasar mallakar kamfanoni ne da bankuna da hukumomin gwamnati, waɗanda kan ɗauki matashi mai hazaƙa su sa sunansa cikin jerin ma'aikata, a biya shi albashi a ƙarshen wata, alhali babban aikinsa shi ne atisaye da taka leda da sunan ma'aikatar. A cikin wannan tsari Rashidi Yekini ya taso. An haife shi a Kaduna ranar 23 ga Oktoba 1963, iyayensa Yarabawa ne 'yan asalin yankin da ake kira Jihar Kwara a yau, kuma ya girma a lokacin da masaƙun unguwar Kakuri ke ciyar da dubban iyalai daga kowane sashe na ƙasar. Ƙungiyar masaƙar UNTL ce ta fara ba shi riga, kuma daga nan Shooting Stars ta Ibadan ta ɗauke shi a farkon shekarun 1980.

A Ibadan aka fara ganin irin baiwarsa ta ɗan wasan gaba, wato wanda ke tsaye a ƙarshen layin hari domin kammala abin da sauran suka ƙulla: dogo ne ƙaƙƙarfa, mai gudu, mai bugu da ƙarfin da kan sa mai tsaron raga ya kasa riƙe ƙwallo ko da ya taɓa ta. Da shi Shooting Stars ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun kulob-kulob na Afirka a 1984, inda Zamalek ta Masar ta doke ta, kuma a wannan shekara ce ya fara sa rigar ƙasa. Daga nan ya koma Abiola Babes ta Abeokuta, ƙungiyar attajiri Moshood Abiola.

Hanyar da ta kai shi Turai ta bi ta Abidjan, kuma wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san zamanin, domin ƙungiyoyin Côte d'Ivoire sun fi na Nijeriya biyan kuɗi da alaƙa da dillalan 'yan wasa na Turai, ga shi kuma ɗan ƙasarsa Stephen Keshi ya riga ya share fage tun 1985, ya ratsa ta can zuwa Beljiyam. Yekini ya shiga Africa Sports ta Abidjan a 1987, ya yi shekara uku, sannan a 1990 Vitória de Setúbal ta Fotugal ta saye shi yana da kusan shekara 27, shekarun da a yau dillalai kan ce ɗan wasan Afirka ya makara. Setúbal gari ne na masunta a kudu da Lisbon, ƙungiyarsa kuma ba ta cikin manya uku da suka mamaye ƙasar, har ma ta faɗa rukuni na biyu; ƙwallaye 34 da ya zura a kakar 1992/93 suka dawo da ita rukunin farko, a kaka mai biyowa kuma ya ci 21, ya zama wanda ya fi kowa cin ƙwallo a Fotugal baki ɗaya, gaban 'yan wasan Benfica da Porto da Sporting. A 1993 hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka ta zaɓe shi gwarzon ɗan wasan nahiyar, kuma shi ne ɗan Nijeriya na farko da ya samu wannan lambar yabo.

A rigar ƙasa kuwa haƙuri ya sha kafin ya ga riba, saboda Nijeriya ta kai wasan ƙarshe na Kofin Nahiyar Afirka a 1984 da 1988 da 1990, duka ukun ta dawo hannu rabbana, sau biyu a hannun Kamaru, sau ɗaya a hannun Aljeriya. Sai a 1994 a Tunisiya, ƙarƙashin mai horarwa Clemens Westerhof ɗan ƙasar Holan, aka ɗauko kofin bayan doke Zambiya da ci biyu da ɗaya, Yekini kuma ya fi kowa ƙwallaye a gasar da guda biyar, kamar yadda ya yi a Senegal a 1992 da guda huɗu.

Ranar 21 ga Yuni 1994, a birnin Dallas na Amurka, Nijeriya ta buga wasanta na farko a tarihin Kofin Duniya da Bulgariya. Finidi George ya kutsa ta gefen dama ya shimfiɗo ƙwallo ƙasa-ƙasa ta gaban raga, Yekini ya tura ta ciki, sannan maimakon ya juya wajen abokan wasansa sai ya bi ta har cikin ragar, ya cusa hannuwansa ta cikin igiyoyin ya damƙe su, yana girgizawa yana ihu, idanunsa a rufe. An tashi uku da nema, kuma hoton nan ya zama abin da duniya ta fi tunawa da shi game da wannan tawaga, wadda Italiya ta fitar a zagaye na biyu.

Bayan wannan gasa tauraruwarsa ta fara dusashewa. Zamansa a Olympiacos ta Girka da Sporting Gijón ta Sifaniya bai yi armashi ba, ko da yake ya farfaɗo a Zürich har ya samu gurbi a Kofin Duniya na 1998. Ya ƙare da ƙwallaye 37 a rigar ƙasa, adadin da aka shafe fiye da shekara ashirin ba wanda ya kamo, kuma ya sake taka leda a gida da Julius Berger, sannan da Gateway ta Abeokuta a 2005 yana da shekara 41.

Shekarunsa na ƙarshe ya yi su a Ibadan, a keɓe, nesa da hukumomin ƙwallo da shagulgulansu, kuma abin takaici ne ƙwarai cewa ƙasar da ya ɗaga sunanta ba ta da wani tsayayyen tsari na kula da lafiya da rayuwar tsofaffin 'yan wasanta, kamar yadda masaƙun da suka reni irinsa su ma aka bar su suka durƙushe. Ya rasu ranar 4 ga Mayu 2012 yana da shekara 48, aka yi jana'izarsa bisa tsarin Musulunci a garin Ira na Jihar Kwara.