Tarihin Shigar Mata Aikin Injiniya a Potiskum da Kewayenta

Potiskum, babbar cibiyar kasuwanci ta Jihar Yobe, gari ne da ya yi suna da manyan motoci da kasuwar shanu da ta hatsi. Inda tirela ta yi yawa, dole makanikai da masu walda da masu gyaran wayar mota su yi yawa. Kusan dukkansu maza ne, domin a al'adar gareji yaro ake kai wa maigida ya koyi sana'a, ba a saba kai 'ya mace ba. Saboda haka matan yankin ta ƙofar makaranta suka shiga harkar injiniya, kuma duk abin da ya sami makaranta, mai daɗi ko marar daɗi, ya sami wannan tafiya tasu.

A Nijeriya baki ɗaya ma mata sun makara. An kafa Ƙungiyar Injiniyoyi ta Nijeriya, NSE, a 1958, sannan hukumar yi wa injiniyoyi rajista, COREN, a 1970, kuma shekaru da dama mazan ne ke cika kujerun. A 1982 Injiniya Joanna Maduka da wasu takwarorinta 'yan ƙalilan suka kafa ƙungiyar mata injiniyoyi, APWEN, don jawo 'yan mata zuwa fannin. Injiniya Ebele Okeke ta zama mace ta farko da ta shugabanci ma'aikatan gwamnatin tarayya a 2007. Ita kuwa NSE sai a 2024 ta sami shugaba mace, Injiniya Margaret Oguntala. Waɗannan duka 'yan Kudu ne. A Arewa akwai tsangayar injiniya a Zariya tun da daɗewa, daga baya aka samu a Kano da Maiduguri da Bauchi, amma 'yan matan da suka gama sakandare da lissafi da kimiyya ba su da yawa, balle a kai ga zaɓen fanni.

Abin da ya fara sauya lamarin shi ne tsarin karatu na 6-3-3-4 da aka soma aiki da shi a 1982. Tsarin ya sa darasin gabatar da fasaha a ƙaramar sakandare, na maza da mata duka, sai ga shi babu isassun malaman da za su koyar. Wannan buƙata ce ta sa gwamnatin tarayya ta ƙara yawan kwalejojin horar da malaman fasaha, aka buɗe ɗaya a Potiskum a ƙarshen shekarun 1980, tun garin yana cikin tsohuwar Jihar Borno, kafin a ƙirƙiro Yobe a 1991. Ga kuma Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnatin Tarayya da makarantar kimiyya da fasaha ta 'yan mata ta jiha, duk a cikin garin. Kusancin ya yi tasiri ƙwarai. Uban da ba zai bar 'yarsa ta tafi Zariya ba, sau da yawa yakan yarda ta yi karatu inda za ta kwana a gida.

Sai dai wannan hanya tana da iyaka, kuma a nan ne tarihin ya fi ban takaici. Takardar NCE da kwalejin take bayarwa ta malanta ce. Wadda ta karanci lantarki ko gini ko aikin ƙarfe a kwalejin ilimi aji aka shirya ta shiga, kuma ba ta isa a kira ta injiniya a wurin COREN ba. Mai babbar difloma daga kwalejin kimiyya da fasaha, kamar ta tarayya da ke Damaturu, matakin masaniyar fasaha take samu. Cikakken matsayin injiniya galibi sai an yi digiri na shekara biyar, da watannin koyon aiki a masana'anta, da hidimar ƙasa, sannan wasu shekaru ana aiki kafin rajista. Yobe kuwa ba ta da manyan masana'antu. Kamfanin siminti na Ashaka a Jihar Gombe yake, sauran kuma sai Kano ko Kaduna. Shekarun nan su ne daidai lokacin da ake yi wa yarinya maganar aure, kuma a gida abin da ta fi ji shi ne aikin maza ne, gara ta karanci jinya ko koyarwa. Da yawa daga cikin masu basirar sun ƙare malamai. Wannan ba asara ba ce ga ɗalibansu, amma ma'aikatar ayyuka da hukumar ruwa da kamfanin wuta sun rasa hannayen da suke buƙata.

Rikicin Boko Haram ya zo ya daki makarantun kai tsaye. A Yulin 2013 aka kashe ɗalibai a sakandaren Mamudo, dab da Potiskum, har gwamnatin jiha ta rufe makarantu. Ranar 10 ga Nuwamba 2014 ɗan ƙunar baƙin wake ya tayar da bam a taron safe na makarantar kimiyya da fasaha ta maza a Potiskum, ɗalibai fiye da 40 suka rasu. Ranar 19 ga Fabrairu 2018 aka sace 'yan mata 110 daga makarantar kimiyya da fasaha ta Dapchi. An dawo da mafi yawansu bayan wata guda, biyar sun rasu, aka riƙe Leah Sharibu. Wajibi ne a lura da irin makarantar da aka shiga: ta kimiyya ce, ta kwana, wato irin wadda 'yar ƙauye take bi kafin ta yi mafarkin shiga tsangayar injiniya. Bayan Dapchi, iyayen da dama can suke ɗari-ɗari da makarantar kwana sun sami hujjar da ba mai iya musa musu.

A 2019 Gwamna Mai Mala Buni ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimin firamare da sakandare a jihar, aka shiga gina sababbin makarantu da gyaran tsofaffi. A wannan lokaci kuma wani sabon fage ya buɗe a garuruwan Yobe, na wutar sola da rijiyoyin burtsatse masu aiki da hasken rana da gyaran wayar hannu. Aiki ne da ake iya koya a aji ko a shago, ba sai an bi ta gareji ba, kuma akwai gidajen aure da yawa da suka fi son mace ta shiga ta haɗa musu batir da fanel a kan a kawo namiji baƙo.