Nioh: bayani kan tsayuwar faɗa, rabon maki da gyaran makamai

Nioh wasan faɗan takobi ne da kamfanin Team Ninja na Japan ya yi. Ya fito a PlayStation 4 a watan Fabrairun 2017, kafin ƙarshen shekarar kuma ya zo kwamfuta. A cikinsa kai ne William, baturen jirgin ruwa da ya faɗo Japan a 1600, ƙasar na tsakiyar yaƙin basasa. An ɗauko shi ne daga William Adams, ɗan Ingila da ya yi wa Tokugawa Ieyasu hidima da gaske, sai dai a wasan an mayar da shi ɗan Ailan, aka kuma cika ƙasar da dodannin tatsuniyoyin Japan da ake kira yokai.

Samarinmu da suka saba da gem ɗin ƙwallo kan sayo faifan Nioh a Alaba ko Ikeja, su sha kashi kwana biyu, su ajiye shi su ce ai ba ya buguwa. Yana buguwa mana. Abin da ke kashe su shi ne suna kallon layin jinin William, alhali layin da ke ƙarƙashinsa ne ke riƙe da wasan.

Numfashi

Wasan na kiran wannan layi Ki, ni kuwa numfashi nake ce masa. Sara na cin numfashi, karewa na ci, gocewa da gudu duk suna ci. Idan ya ƙare aka taɓa ka, William zai tsaya yana haki, sai yadda aka yi da shi.

Dabarar ita ce: da ka gama sara za ka ga wani haske mai shuɗi-shuɗi yana taruwa a jikin William. Idan ka danna R1 daidai lokacin da ya gama taruwa, yawancin numfashin da ka kashe zai dawo nan take. Sunan abin a wasan Ki Pulse. Wanda bai iya shi ba, wallahi ko wane takobi aka ba shi wahala zai sha. Da shi ne kuma ake share baƙin kududdufin da dodanni ke bari a ƙasa, wanda in ka tsaya a ciki numfashinka ba ya dawowa da wuri.

Abokan gaba ma da nasu numfashin, kuma kana ganinsa a saman kansu. Mutum idan nasa ya ƙare, sai ka kama shi ko ka kayar da shi ka soke. Dodo idan nasa ya ƙare, kowane sara sai ya girgiza shi. Don haka sau da yawa numfashin abokin gaba ake fara nema kafin jininsa.

Tsayuwa uku

Kowane makami ana riƙe shi iri uku, kuma kowane riƙo da saransa daban. Ana riƙe R1 a danna alwatika don tsayuwar sama, murabba'i don ta tsakiya, X don ta ƙasa. R1 da da'ira kuma mayar da takobi kube ne.

Tsayuwar sama ita ce mai ɓarna. Sara daga sama yake saukowa da nauyi, amma yana shan numfashi sosai kuma yana ɗaukar lokaci. Da ita nake neman ƙahon manyan dodanni, domin in ƙahon ya karye numfashinsu na zubewa gaba ɗaya. Ta tsakiya ita ce ta karewa, saranta kuma a kwance yake, yana share gefe da gefe, shi ya sa take daɗi idan mutum biyu ko uku suka taso maka, musamman da mashi. Aibinta shi ne abin da ke rarrafe a ƙasa sai saran ya bi ta kansa. Ta ƙasa ba ta da nauyin hannu, amma tana da sauri, kuma gocewa a cikinta ba ta cin numfashi da yawa.

Sabon shiga yakan zaɓi ɗaya ya zauna a kai, galibi ta sama, saboda lambobin ɓarna da yake gani. To ba haka aka gina wasan ba. Hino-enma, dodanniyar nan mai fukafukai da ke sandarar da mutum a farkon wasan, ita ke koya wa kowa wannan darasi: ka zauna a ta ƙasa kana gocewa, sai ta gama harinta ka hau ta sama ka sara biyu, ka sauko.

Maki da fasahohi

Maki iri biyu ne, kada a haɗa su. Na farko Amrita, wasu duwatsu masu kalar zinariya da kake tarawa daga abokan gaba, da su ake ƙara mataki a ɗan wurin bautar da ake hutawa. Idan aka kashe ka, suna nan a kabarinka. In aka sake kashe ka kafin ka kai wurin, sun tafi. Siffofin da ake ƙarawa takwas ne, kuma kowane makami da wadda yake bi: takobi na bin Heart, mashi na bin Body, tagwayen takubba na bin Skill, lauje mai sarƙa na bin Dexterity. William makami biyu yake ɗauka na kusa, biyu na harbi. Ka zaɓi ɗaya ya zama babban makaminka ka zuba masa. A ba Spirit ɗan abin da ya samu, domin da shi ne ruhin da ke gadin William yake sakin alfanunsa.

Na biyu makin fasaha, kashi uku: na samurai, na ninja da na sihirin Onmyo. A na samurai, kafin ka sayi kowane sara mai ban sha'awa, sayi Flux, wanda ke ƙara maka numfashi idan ka sauya tsayuwa a daidai lokacin Ki Pulse, sannan Living Water, wanda ke sa gocewa kanta ta dawo da numfashi. Sau ɗaya ake sayensu, su yi aiki a duk makamai. A na sihiri, layar Sloth na rage wa abokin gaba sauri, har manyan dodanni. Wasu na cewa ragwanci ne amfani da ita. Ni ban ga laifi ba, tunda sai ka ci jarrabawa a gidan horo kafin a ba ka. Wanda ya watsa makinsa barkatai, akwai littafi a maƙera da ke dawo da su duka, amma kowane saye kuɗinsa na ƙaruwa.

Sulke da maƙera

Nauyin kaya ya fi kaurin sulke muhimmanci. Ƙasa da kashi 30 cikin 100 na abin da William ke iya ɗauka, yana da sauƙin jiki sosai. Har zuwa kashi 70 lafiya lau. Da ka wuce 70 numfashi zai riƙa zuba kamar ruwa a kwando. Kowane sulke kuma da siffofin da yake buƙata, in ba ka kai ba za ka sa shi amma alfanunsa na musamman ba zai yi aiki ba.

Launin sunan kaya ke nuna darajarsa: fari, rawaya, shuɗi, sai shunayya. Kore ba ya fitowa sai ka gama labarin wasan.

A nan ake asarar kuɗi. Maƙeriyar, Tome, tana ƙera sabo, tana wargaza tsoho ta ba ka ƙarfensa, tana sauya wa makami alfanu ɗaya da wani bisa sa'a, tana kuma yin Soul Match, wato a narkar da makami mai babban mataki a ɗaga wanda kake so. Wannan na ƙarshe farashinsa hawa yake duk lokacin da ka maimaita. Shawarata, a zagayen farko kada ka ƙwallafa rai a kan takobi ɗaya. Kowane fage da ka shiga sabbin kaya ke zubowa waɗanda suka fi na hannunka. Ka sa mafi kyau, sauran ka miƙa su a wurin bauta a ba ka Amrita, wani lokaci har da magani. Kuɗin ka adana sai koren kaya sun fara fitowa, lokacin ne haɗa sulke iri ɗaya da sauya alfanu ke biyan wahala.

Makami yana ƙara kaifi gwargwadon yadda ka saba da shi, don haka kada ka yar da wanda ka daɗe da shi saboda bambancin lamba biyu ko uku. Mai intanet kuma zai ga jajayen kaburburan wasu 'yan wasa a hanya. Idan ka tayar da mai kabarin ka kayar da shi, wani abu daga kayansa na iya faɗo maka, kuma tun kafin ka taɓa kabarin ana nuna launin kayan da yake sanye da su.

Nioh 2 da ya fito a watan Maris 2020 ya riƙe tsayuwar nan uku da Ki Pulse yadda suke, ya ƙara sababbin makamai da damar amfani da harin dodanni. Duka biyun an sake fito da su a PlayStation 5 a watan Fabrairun 2021.