Baitin Waƙa a Matsayin Shaida Cikin Ƙamus



Kowa ya san da'awa ba ta tsayuwa gaban alƙali sai da shaida. To, haka sha'anin ƙamus yake. Idan mai ƙamus ya ce ma'anar kalma kaza ita ce kaza, da'awa ya yi, kuma muna da ikon tambayarsa wanda ya faɗa da lokacin da ya faɗa.

Larabawa sun daɗe da gane wannan, shi ya sa suke kiran baitin da aka kafa hujja da shi "shahid", watau shaida. Tun daga Kitabul Aini na Halilu ɗan Ahmad a ƙarni na 8, har zuwa Lisanul Arab na Ibn Manzur wanda ya rasu a 1311, baitocin magabata ne ginshiƙin ma'ana. Kuma ba kowane shaida suke karɓa ba, domin sun yanke iyaka a wajejen shekara ta 150 bayan Hijira, suka ce Ibn Harma ne mawaƙi na ƙarshe da ake kafa hujja da shi. Daga baya Firuzabadi ya wallafa Ƙamusul Muhiɗ, ya zubar da akasarin baitocin don taƙaitawa. Daga sunan littafinsa muka sami kalmar "ƙamus". Ashe mun gaji suna ne daga littafin da ya sallami shaidu.

Ƙamusoshin Hausa na farko Turawa ne suka tsara su. Schön ya buga nasa a 1876, ya dogara ƙwarai ga bakin Dorugu. Robinson ya iso Kano a ƙarshen 1894, ya tattara waƙoƙin ajami, ya buga su a Kambirij a 1896, kafin ƙamusunsa na 1899. Mischlich kuwa ya ci moriyar ilmin Alhaji Umaru a Kete-Krachi, cikin Gana ta yau, ya fitar da nasa a 1906. Bargery, wanda ƙamusunsa na 1934 ya ƙunshi kalmomi kimanin 39,000, ya fi jingina da maganar yau da kullum da karin magana. Duk da wannan ƙoƙari, da kuma Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, har yanzu muna bukatar ƙamusun da zai bi kalma ya nuna mana inda aka fara rubuta ta, da yadda ma'anarta ta sauya. Mafi yawan abin da magabatanmu suka rubuta da Hausa a ƙarni na 19 waƙa ce, saboda haka dole waƙa ta zama shaidarmu.

Irin wannan aiki ya fi ƙarfin mutum ɗaya. A 1879 James Murray ya roƙi jama'ar gari su aiko da jimloli daga littattafai domin babban ƙamusun Oksfod, wanda aka kammala a 1928, amma bisa sharaɗin kowace 'yar takarda ta zo da shekara da marubuci da littafi da shafi. Yau da intanet ta buɗe wa kowa ƙofar sa hannu cikin ƙamus, wannan sharaɗi ya ƙara zama wajibi. Ga tambayoyi huɗu da ya kamata a yi wa kowane baiti.

Na farko, wa ya yi waƙar? Tabban Haƙiƙa da Fulatanci Shehu Usmanu ya tsara ta, Nana Asma'u ce ta mayar da ita Hausa. Wanda ya kawo kalma daga cikinta ya ce Hausar Shehu ce, ya yi kuskure.

Na biyu, yaushe? Marubuta kan ɓoye shekara cikin ramzi a ƙarshen waƙa, kuma bisa lissafin Magaribawa, inda harafin shin yake 1000, alhali a Gabas 300 ne. Sannan shekarar tsarawa daban, shekarar kwafe daban, mai kwafe kuma yakan musanya kalmar da bai sani ba da wadda ya sani.

Na uku, wa ya juya ta zuwa boko? Ajami yana nuna tsawon wasali, amma ba ya nuna karin sauti, don haka "fari" na launi da "fari" na rashin ruwa kamarsu ɗaya. Boko kuma ya haɗa su har da "fari" na farawa.

Na huɗu, shin kalmar haka ake faɗinta, ko larurar waƙa ce? Mawaƙi yakan ja wasali ko ya datse shi domin kari da amsa-amo, kuma abin da Bakano zai ɗauka tsohuwar Hausa ce, wataƙila Sakkwatanci ne da ake ji a kasuwa har gobe.

Haɗarin shi ne, baitin da ya shiga ƙamus da kuskure yakan zama hujja ga masu zuwa. Takardun suna nan a Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, da Gidan Arewa a Kaduna, da hannun malaman zaure. Ina kira ga ɗalibai da duk wanda ke da niyyar taimakawa, kada ya rubuta baiti cikin ƙamus sai ya faɗi takardar da ya gan shi a ciki.

Allah ya sa mu dace. Wassalam.