Alfazazi na Ƙurɗuba da Zaman Ishiriniya a Ƙasar Katsina

In ana maganar malaman Andalus, wato kudancin ƙasar Sifen ta yau, Turawa sukan fara da Ibn Rushdi, masanin falsafa wanda ya rasu a 1198. A ƙasar Hausa kuwa, ɗan Andalus ɗin da ya fi shiga bakin jama'a shi ne Abu Zaidi Abdurrahman Alfazazi, mai Ishiriniya. Daga birnin Katsina har ƙauyukan yamma irin su Yasore, wajen Batsari da Safana, da wuya a sami wanda bai taɓa jin ana rera ta ba, musamman a watan Maulidi.

An haifi Alfazazi a Ƙurɗuba, garin Ibn Rushdi. Ya yi wa sarakunan Muwahhidun aikin magatakarda, ya kuma san fiƙihu da ilmin tauhidi. A Ƙurɗuba ya tsara waƙoƙinsa na begen Annabi wajen 1207. Ainihin sunan littafin Alwasa'ilul Mutaƙabbala. Ƙasida 29 ce, kowace da harafinta na ƙafiya, kowace kuma baiti 20, dalilin sunan Ishiriniya ke nan. Ya rasu a Maroko a 1230, bayan shekara 6 kuma Ƙurɗuba ta faɗa hannun Kiristocin Kastila.

Akwai abin da ya kamata manazarci ya kula da shi. Ishiriniyar da almajirai ke haddacewa ba ta Alfazazi kaɗai ba ce, tahamisin Abubakar Ibn Mahibu ne. A kowane baiti mai ɗango biyar, ukun farko na Ibn Mahibu ne, biyun ƙarshe ne na Alfazazi. Ashe ke nan kashi uku cikin biyar na abin da ake jingina wa Alfazazi na wani ne. Rashin rarrabe wannan yakan sa a yaba wa ɗaya da fasahar ɗayan, kuskuren da ba ƙarami ba ne ga mai nazarin salo.

Larabcin waƙar kuwa mai tsauri ne, cike da baƙin kalmomi. Shi ya sa Wali Ɗan Masani (1595-1667) ya yi mata sharhi mai suna Annafhatul Anbariyya a birnin Katsina. Malami ba ya sharhin littafin da ba a karantawa, saboda haka sharhin shaida ne cewa tun ƙarni na 17 Ishiriniya ta riga ta zauna a zaurukan karatu na Katsina, kafin jihadin 1804 da shekaru fiye da ɗari.