Tarihin Kare Ƙoda Daga Rinin Hoton Zuciya

A ranar 30 ga Oktoba, 1958, a asibitin Cleveland Clinic da ke Amurka, siririn bututun da likita Mason Sones ya zura wa wani matashi ya zame ya faɗa jijiyar da ke ciyar da zuciya, rinin aidin ya kwarara cikinta. Likitocin zamanin sun ɗauka hakan ajali ne. Zuciyar ta tsaya cik, Sones ya umarci majinyacin ya yi tari, sai ta ci gaba da bugawa. Daga wannan kuskure aka samo hanyar ɗaukar hoton jijiyoyin zuciya da ake bi har yau.

Sai dai rinin ba ya zama a zuciya. Ƙoda ce ke tace shi zuwa fitsari, kuma a hanyarsa yakan matse ƙananan jijiyoyinta, ya rage mata jini. Mai lafiyar ƙoda da wuya ya ji a jikinsa. Wanda ciwon suga ko hawan jini ya riga ya ci ƙodarsa kuwa, cikin kwana biyu ko uku gwajin jini kan nuna aikinta ya ja baya, wasu ƙalilan har sai an kai ga wankin ƙoda. Kuma su ne suka fi yawan bukatar a duba zuciyarsu.

Gyara na farko a jikin rinin aka yi shi. A 1969 Torsten Almén, likita ɗan Siwidin, ya kawo shawarar rinin da bai kai tsohon ƙarfin zuƙe ruwa daga ƙwayoyin jiki ba, kuma jikokin wannan rini ake amfani da su yanzu.

Daga nan aka shiga farautar magani. Hankali ya ba da cewa maganin sa fitsari zai gaggauta fitar da rinin. Gwajin da aka buga a 1994 ya nuna waɗanda aka ba furosemide sun fi jin jiki a kan waɗanda aka yi wa ƙarin ruwan gishiri zalla. A 2000 wani bincike a Jamus, kan mutum 83 kacal, ya ɗaukaka acetylcysteine, magani mai araha da aka sani wajen karya gubar farasitamol. Asibitoci suka rungume shi, a ganina da gaggawar da mutum 83 ba su isa su jawo ba. A 2004 sinadarin bikabonet, ɗan'uwan kanwarmu, ya bi sahu. Gwajin PRESERVE, mai majinyata kusan 5,000, wanda aka buga a 2018, bai ga amfanin ko ɗayansu ba.

Abin da ya rage a hannun likitoci shi ne auna ƙarfin ƙoda kafin aiki, da rage yawan rini, da dakatar da magungunan ciwo irin su ibuprofen, da ƙarin ruwan gishiri ga masu raunin ƙoda. Shi ma ruwan bai tsira daga tuhuma ba: a 2017 wani gwaji a birnin Maastricht na ƙasar Holan, kan majinyata 660 masu matsakaicin rauni, ya samu waɗanda ba a yi wa ƙarin ruwan ba sun fita daidai da waɗanda aka yi wa.